Kula Da Kanka

Shekara goma sha ɗaya ina hawanta,
ƙugiyar nan mai wuyan raƙumin dawa
da ke tsaye a bakin ruwan Takoma.
Kafin hazon teku ya yaye
ina can sama a ɗakin gilashi,
ina tsintar kwantenoni ɗai-ɗai
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

A Shanghai aka ƙera ta.
A tsaye ta zo bisa jirgi, mako uku,
ba ta rusuna wa guguwa ba.
Ranar da ta iso mun sha tafi,
aka ce araha ta kawo kanta har gida.

Me ban sauke da ita ba?
Kekunan yara, firji, takalman makaranta,
sinadarin maganin hawan jinin tsohuwata,
batirin da ke cikin motar 'yan sanda.
Na kuma loda mata katakon dajinmu
da waken suyar surukina Arvid,
wanda in Sin ta ɗaure fuska
shi ke kwana ido biyu a Dakota.

Ran Talata suka zo, su huɗu,
takalmansu ba su san baƙin mai ba.
"Mista Halvorsen, ɗan ba mu wuri."
Suka farke mata ciki da sukundireba,
suka zaro wani ɗan akwati,
bai kai sabulun wanka ba,
da wayoyi biyu kamar gashin bakin kyankyaso.
Babu shi a takardar ciniki.

Ɗaya ya ce kunne ne.
Ɗaya ya ce ma'aunin zafi ne kurum,
mai gaya wa maƙera in ƙarfe ya gaji.
Na ukun bai ɗaga murya ba:
"Da ita ake loda kayan soja.
Wanda ya iya ƙirga su daga nesa,
ya iya ce mata tsaya,
ranar da tsayawa ita ce mutuwa."

Sai na tuna wani daren hunturu,
motoci masu launin ƙasa, lulluɓe da tamfol,
ba wanda ya ce mini ga inda za su.
Na ɗauka ni kaɗai na gani daga sama.
Ashe ko mu biyu ne?

An ce abokin cin mushe
ba a ɓoye masa wuƙa.
To mu akushi ɗaya muke ci da su,
kowa hannu ɗaya a tuwo,
ɗayan a bayan riga.

Akwai wani rubutu a ƙarfen bakin ƙofata,
baƙaƙe huɗu na Sinanci, da farin fenti,
hannun mai walda ne, ba na inji ba,
don ɗigon ƙarshe ya zurara.
Shekara goma sha ɗaya ina gaishe shi
ban san me yake cewa ba.
Ta huɗunsu, Loretta Fong,
ta haska shi da tocila, ta yi shiru,
sai dariya ta kuɓuce mata.
"Cewa ya yi: kula da kanka."

Ƙarfen kuwa gajere ne.
Sau biyu yana fasa mini goshi.

Abokin aikinta ya ɗauki hoto duk da haka,
ya sa masa lamba, ya rubuta a littafi.

Sun yanke wayoyin, sun tafi da akwatin
cikin leda, kamar haƙorin da aka cire.
Yanzu in ƙarfe ya yi zafi
ba mai sani sai kunnena.
Nakan kashe rediyo in saurare ta,
tana nishi irin na tsofaffi,
ban san ko ciwo ba ne, ko kewa.

Ga wani jirgi can daga Ningbo,
kwana biyu yana jiran layi,
cike da kayan da za mu saya gobe
muna zagin mai su.
Ni dai in na zo bakin ƙofar nan
nakan sunkuya.